Tankar Roba da Hannun Malam Mannir

Assalamu alaikum. Sunana Murja, a Ƙofar Sauri nake zaune cikin Katsina. Tun da na fita takaba mutane ke tambayata wane irin ciwo ne ya ɗauki mijina, Malam Mannir, kuma duk wanda na fara ba labarin sai in kasa kai shi ƙarshe. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya. Wanda ya ga irin waɗannan alamu a gidansa, kada ya yi yawon da muka yi.

Malam malamin sakandare ne, zanen gine-gine da na injuna yake koyarwa. Allah ya ba shi natsuwar hannu. In ya ja layi a allo sai ka rantse cewa da rula ya gwada. Ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. Abin da ya ɗauke mashi hankali shi ne wasu ƙananan motoci da jirage na roba da ake sayarwa a wargaje cikin kwali. Kowane guntu yana manne da reshen roba, sai mutum ya yanke shi da reza, ya goge bakin da samfefa, ya duba zanen da ke cikin takardar kwalin, ya manna da gam, in an gama a yi fenti. Tun wani kwas da ya yi a Kaduna ya tsinci na farko wurin 'yan gwanjo, daga nan ya kamu. Ni ɗinki nake yi a gida. In na ce mashi wasan yara yake yi, sai ya ce, "Ke ma ai wasan allura kike, sai dai ke ana biyan ki."

'Yarmu ɗaya ce, Nana, tana aure a Zariya. Mu biyu ne a gidan, shi da teburinsa a falo, ni da kekena a tsakar gida.

Wani tsohon ɗalibinsa, Bishir, wanda ya zama soja, ya je karatu ƙasar waje ya dawo mashi da tsarabar tankar yaƙi ta roba. Ban taɓa ganin Malam ya yi murna da kyauta kamar ranar ba. Ya buɗe kwalin a hankali, ya baje rassan a kan tebur, ya kira ni in gani. Guntayen ba su ƙirguwa, wasu ba su fi ƙwayar dawa ba. Sarƙar da tankar ke tafiya a kai ma a warware take, gaɓa-gaɓa, sai an haɗa kowace da 'yar'uwarta. Ya ce wannan ba aikin gaggawa ba ne, zai bi ta a tsanake.

A kan tankar nan muka fara ganin ciwon, amma ba mu gane shi ba.

Makon farko ya haɗa gindin motar lafiya lau. A mako na biyu ina ɗinki na ji yana tsaki. Na leƙa na tarar da shi durƙushe yana lalube a kan leda. Wani ɗan guntu ne ya kuɓuce daga hantsakin da yake riƙe ƙananan abubuwa da shi. Muka nemo, ya sake ɗauka, ya sake faɗuwa. Ya ce hantsakin ne ya saki. Ya sayo sabo, shi ma haka. Ba a jima ba alli ya fara faɗo mashi a aji, maɓallin riga ya fara ba shi wahala, mabuɗin babur sai ya sa hannu biyu kafin ya murɗa. Wata safiya yana alwala na lura tsokar nan ta gindin babban yatsansa na dama ta lotsa, ta yi rami. Na taɓa wurin, na ji naman damtsensa yana motsi shi kaɗai a ƙarƙashin fata, kamar ƙananan kifi a ruwa.

"Malam, mi ke nan?"

"Gajiya ce. Jarrabawa muke dubawa."

Ba ya jin zafi ko kaɗan, kuma wannan ne ya yaudare mu. Mu mun saba ciwo sai da raɗaɗi. Ya je kemis na bakin titi, mai shagon ya ce sanyi ne ya shiga jijiya, ya yi mashi allurai ya ba shi man shafawa. Muka yi wata guda muna shafa mai a hannun da ke ƙara ramewa.

Da hannun hagu ya fara nasa motsin, sai na ce sai asibiti. Wanda ya san layin kati a babban asibiti ba sai na yi mashi bayani ba. Mu fita bayan asuba, mu tarar da benci ya cika, mu zauna a kan tabarmarmu a baranda har rana ta take. An auna jini, an auna sukari, an auna hawan jini, duk aka ce lafiya. Wani likita ya ce ƙashin wuya ne ya danne jijiya, aka tura mu hoto. Injin ya lalace, muka je na kuɗi a cikin gari. Muka dawo da hoton ranar da aka ba mu, aka ce likitan ba ya nan, a dawo wani mako. Wani makon muka samu wani likitan dabam, ya fara tambayoyi daga farko kamar ba a taɓa ganin mu ba. Ba zan ce duk ba su kyauta ba. Akwai wata ma'aikaciya a ɗakin gashin ƙashi da ke ajiye ma Malam kujera kusa da fanka, tana motsa mashi yatsu ɗaya bayan ɗaya ba ta taɓa ɗaure fuska ba. Allah ya saka mata. Amma gashin bai ƙara komai ba, albashi kuwa yana ƙarewa tun kafin tsakiyar wata.

A lokacin ne Yaya Binta ta shigo maganar. Yayar Malam ce, ita ta goye shi, tana zaune a Ƙofar 'Yandaka tun rasuwar mijinta. Ta zo ta kama hannunsa ta juya, ta dube ni.

"Murja, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Mutum shina zaune lafiya hannu ya bushe? An yi mashi ne. Ko a makarantar nan, ko kuma warin gam ɗin nan da yake shaƙa. Kuma dubi abin da ya tara a ɗaki."

Ta nuna kabad ɗin da jiragensa ke ciki. Ta ce gumaka ne, a kwashe a zubar. Malam ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ko ɗan sojan roba ban taɓa haɗawa ba, suna nan cikin kwali. Mota ce da jirgi." Ta ce ita dai ta faɗi.

Ba zan ɗora mata laifi ita kaɗai ba, ni ma na yarda, don wanda asibiti ya ce ma lafiyarsa lau alhali yana gani jikinsa na zubewa, duk inda aka nuna mashi zai bi. Muka sha rubutu, wannan ban da ja a kai, addu'a ce. Amma bayan rubutu sai hayaƙi, bayan hayaƙi sai jiƙe-jiƙe masu ɗaci da suka riƙa sa shi amai. Aka kawo wanzami ya yi mashi ƙaho a kafaɗu. Aka kai mu wani ƙauye wurin wani mutum da ya tsattsaga mashi damtse da aska ya cusa baƙin gari, ya ce ya ciro abin da aka binne. Tsagar ta ɗuri ruwa, sai da muka yi makonni muna wanke ta. A hanyar nan babur ɗin Malam ya tafi, ɗan filin da muka saya bayan gari shi ma ya bi. Duk wanda ya zo dubiya da nasa maganin yake zuwa, kuma in ba ka gwada ba a ce ba ka damu da majinyaci ba.

Bishir ne ya yi waya ya ji muryar Malam ta canza, ya matsa sai mu je Kano wurin likitan jijiya. Shi ya shirya komai. Likitan dattijo ne mai magana a hankali. Ya sa Malam ya fito da harshe, ya daɗe yana kallo. Ya bubbuga mashi gwiwa, ya sa aka soka mashi wasu siraran allurai masu waya a tsoka. Da sakamako ya fito ya ce mu zauna, ya rufe ƙofa da kansa. Ya faɗi sunan ciwon da Turanci, har yau ban iya maimaita shi daidai ba. Amma bayanin da ya yi da Hausa yana kunnena.

"Jijiyoyin da ke kai saƙo ga tsoka ne suke mutuwa, ɗaya bayan ɗaya. Ba sammu ba ne, ba kuma wani abu da kuka yi ko kuka bari ba. Ba mu da abin da zai tsayar da shi. Muna da abin da zai rage wahala."

Malam ya tambaye shi, "Ƙwaƙwalwa fa? Zai taɓa hankali?"

Likitan ya ce, "Galibi hankali yana nan garau har ƙarshe."

A lokacin na ɗauka wannan albishir ne.

Muka kamo hanyar dawowa a mota. Wajen Kankiya Malam ya juyo ya ce, "Kada ki hwaɗa ma Yaya tukuna. Bari in samu bakin da zan gaya mata." Ya gaya mata bayan kwana biyu. Ta saurara har ya gama, ta ce likita ba Allah ba ne, ta tashi ta shiga kicin ɗina ta rufe ƙofa. Na ji ta tana kuka tana dama kunu. Daga ranar ba ta sake kawo mana ƙullin magani ba. Ta ɗauko kayanta ta tare a ɗakin Nana.

Malam ya bar aiki. Hannuwan biyu suka kwanta a cinyarsa. Ni ke ba shi abinci, ni ke sa mashi riga, ni ke yi mashi alwala. Mutumin da ko farce bai yarda wani ya yanke mashi ba. Ya daina fita masallaci tun ranar da ƙafarsa ta harɗe a bakin ƙofa ya faɗi, aka taru a kansa ana sannu. In baƙi sun zo sai ya ce a ce yana barci. Yakan wuni a falo yana kallon bango, kwalin tankar na saman kabad inda na ɗora shi. Ni kuma na rufe keken ɗinki, don ba lokaci, masu kawo aiki suka koma wani wuri. Abin da ya fi tsorata ni a watannin nan shirunsa ne, don Malam mai barkwanci ne a gida, sai ga shi ana wuni ban ji kalma biyar daga bakinsa ba.

Wata hantsi bayan na gama goge mashi jiki ya ce, "Murja, sauko mani da kwalin can."

Na sauko da shi na buɗe. Gindin tankar na nan yadda ya bar shi, ba tayoyi, ba sarƙa, ba kai. Ya daɗe yana kallo.

"Zamna nan. Ara mani hannunki."

Haka muka fara. Shi ke karanta zanen, in riƙe mashi takardar daidai idonsa, ya ce reshe kaza, lamba kaza. In yanke, in nuna mashi, ya ce goge nan, bai yi sumul ba. In goge, in sake nunawa. Gam ɗin ruwa ne, da ɗan tsinke ake ɗiga shi, in ya yi yawa sai ya narka robar. Na ɗauka wadda ta saba zura zare a allura ba abin da zai gagare ta, ashe ba haka ba ne. Yadi yana da haƙuri, in ka yi kuskure ka farke. Roba in ta kama ta kama. Tayoyin kaɗai sun ci mana makonni, don kowace taya biyu ce ake haɗawa, kuma ba ya yarda a wuce sai ya ga sun jeru a layi ɗaya. Sai in ɗaga tankar daidai hancinsa, ya rufe ido ɗaya ya duba.

Maganarsa ta dawo. Ya riƙa gaya mani amfanin kowane abu, wannan murfin da direba ke leƙowa ne, wannan akwatin kayan gyara ne, wannan shebur ne da ake ɗaurewa a gefe. Har da ɗan shebur, wallahi, bai kai tsinken sakace ba. Ya koma cin abinci da ɗan dama. In na ce yau na gaji, sai ya ce, "To, ma'aikaciya ta yi yajin aiki."

Amma ba kullum ne daɗi ba. Ranar da muka fara sarƙar gefen dama na jera gaɓoɓi masu yawa, gam ya kama, sai ya lura na juya su baibai. Ya ɗaga murya irin yadda bai taɓa yi mani ba tun aurenmu.

"Na ce maki haƙoran ciki suke kallo! Ba ki ji ne? Abin da yaro ɗan aji ɗaya zai yi!"

Na ajiye hantsakin. Ranar tun asuba ban zauna ba, na wanke zanin gadon da ya ɓata, na ɗaga shi na kwantar har bayana ya riƙe. Na ce, "Malam, in ban iya ba ka yi da kanka." Kalmar na fita na ji kamar in kamo ta. Ya dubi hannuwansa a cinya. Na tashi na fita tsakar gida na zauna bayan randa ina kuka.

Yaya Binta ce ta zo ta tsaya a kaina. Ba ta tambaye ni abin da ya faru ba, ta ji komai. Ta ce, "Tashi ki koma. Ba da ke yake faɗa ba." Na koma na tarar hawaye sun gangaro mashi har gemu, ga shi ba hannun sharewa. Na share mashi da bakin mayafina. Ya ce, "Ki yahe mani. Ina ganin yadda za a yi, ina jin shi a yatsuna, amma ba su zuwa." Na ce ni ma ya yafe mani. Muka ɓamɓare abin da ya ɓamɓaru da reza, wasu gaɓoɓin suka karye, muka yi sa'a akwai ragowa a kwalin. Washegari sarƙar tana buƙatar a riƙe ta a lanƙwashe a kan taya har gam ya bushe, ni kuma tukunya na kan wuta. Yaya ta ja kujera ta ce, "Kawo nan." Ta zauna riƙe da tankar da yatsu biyu, ɗayan hannun na jan carbi, tana ce ma ƙanenta, "Kai dai tun kana yaro ba ka san wasan kirki ba." Ya yi dariya har ya sarƙe.

Sarƙewar nan ita ce matakin da ya biyo baya. Ruwa ya fara bin hanyar da ba tasa ba. Tuwo ya gagara, muka koma kunu mai kauri da fate, ina ba shi da ƙaramin cokali, kofi ɗaya ya ɗauke mu lokacin da za a dafa shinkafa. Harshensa ya yi nauyi. Da farko baƙi ne ba su gane maganarsa sai na fassara, daga baya Yaya ma ta daina ganewa, sai ni kaɗai. Nana ta zo ta yi makonni, ta koma da kuka saboda yaranta. A cikin damina ya shaƙi kunu ya shiga ƙirji, zazzaɓi ya rufe shi, aka kwantar da mu asibiti. Gado sai da muka jira a kan keken marasa lafiya daga safe har la'asar. Iskar da ake sa mashi a hanci in ta ƙare sai an bi layi. Wata ma'aikaciya ta riƙa magana a kansa kamar ba ya nan, tana ce mani, "Ai irin waɗannan ba su san inda suke ba." Yana jin ta. Na ga idonsa. Amma a ɗakin nan kuma akwai wani ma'aikaci da ya koya mani yadda zan juya shi kada bayansa ya yi gyambo, da yadda zan zaunar da shi in zai haɗiya. Bishir ya aiko da katifa ta musamman da keken turawa. Maƙwabta suka riƙa aiko da abinci ba tare da an roƙa ba. Ba ni da bakin gode masu.

Da muka dawo gida mun ɗan taɓa tankar. Mun ɗora kan da ke juyawa, mun manna dogon bakin bindigar. Lambobin yake faɗi da ƙyar, in ban gane ba in bi zanen da yatsa har ya yi ƙaramin gurnani alamar nan ne. Sai muryar ta tafi gaba ɗaya. Na gwada ci gaba ni kaɗai a gabansa, amma zanen ba ya yi mani magana in ba ta bakinsa ba, kibiyoyi ne kawai da lambobi. Aikin ya tsaya a nan, sarƙar hagu ba a gama ba, ba a yi fenti ba.

Muka koma magana da ido. In e ne ya lumshe, in a'a ne ya dubi gefe. Ruwa? Juyi? Filo? Zafi kake ji? A kunna karatu? Da wannan muka rayu watanni, kuma a nan na gane abin da likitan Kano ya faɗa. Malam yana nan cikin jikin nan, cikakke, da iliminsa da barkwancinsa da fushinsa, yana jin ƙaiƙayi a hanci, yana jin sauro a goshi, yana jin duk abin da masu dubiya ke raɗawa a bakin ƙofa. Abin da na tambaya kaɗai yake iya amsawa. Abin da bai zo mani a rai ba, ba shi da hanyar fitowa. Sai bayan rasuwarsa wata mata ta gaya mani ana rubuta baƙaƙe a kwali, mai jinya ya riƙa nunawa majinyaci yana zaɓa da ido har kalma ta haɗu. Abu mai sauƙi haka. Duk asibitocin da muka zaga ba wanda ya faɗa mana, mu ma gajiya ba ta bar mu mun yi tunaninsa ba.

Wata la'asar, ana saura 'yan kwanaki ya rasu, ina zaune gefensa ina ninke wanki na ji idonsa a kaina. Kallo ne na mai son magana. Na matso.

"Ruwa?" Ya dubi gefe.

"In juya ka?" Gefe.

"Wani wuri ke ciwo?" Gefe.

Na bi duk tambayoyin da muka saba. Na ce in kira Nana a waya, in kira Yaya, in kira liman, in kira Bishir. Na ce ko tankar yake son gani. Na ce ko wani ya ɓata mashi rai, ko akwai wanda yake so a nema mashi gafara wurinsa, ko maganar gidan nan ce, ko inda za a kai shi. Na ce ko tsoro yake ji. Duk gefe yake duba, ya dawo da idon kaina da sauri, kamar mai cewa ci gaba, kin kusa. Yaya ta shigo ta yi nata tambayoyin, na danginsu da na mutanen da ban ma sani ba. Numfashinsa ya fara sama-sama don ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta tashi. Har aka kira magariba ba mu samo ba. Daga ƙarshe ya rufe ido, ya daɗe, da ya buɗe kallon ya tafi. Washegari na ce, "Malam, maganar jiya, mu sake gwadawa?" Ya dubi gefe.

Ya cika ranar wata Talata da hantsi, a falo, kansa a kan cinyar Yaya, ina riƙe da hannunsa. Numfashin ne ya riƙa yin nisa da juna har wani bai zo ba. Yaya ta shafa mashi ido ta yi salati. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. In hannu ko ƙafa ya fara rauni ba tare da zafi ba, in nama ya fara ramewa yana motsi shi kaɗai, in harshe ya fara nauyi, ku nemi likitan jijiya tun da wuri, kada a tsaya a kemis. Mu da mun sani da wuri ba zai warke ba, amma da ba a tsaga mashi jiki ba, da ba mu ɓatar da watannin da yake iya tafiya da magana a kan hanyar ƙauyuka ba. Masu zuwa dubiya, ku rage kawo magani, ku kawo hannu, ku karɓi mai jinya ko na awa ɗaya ta runtsa. Kada ku yi magana a kan majinyaci kamar ba ya nan. Ku bar mashi abin da yake so ko da a idonku wasa ne. Sannan ku zauna ku tambaye shi duk abin da ke ransa tun bakinsa yana motsi, ko da maganar tana da nauyi, ko da za a ce kuna yi mashi fatan mutuwa. Mu mun yi ta ɗagawa muna cewa sai ya ɗan ji sauƙi.

Yaya ta koma Ƙofar 'Yandaka bayan arba'in. Na buɗe keken ɗinki, aiki ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Mutane suna cewa na yi ƙoƙari, na yi jinya, in sa ma raina salama, kuma ina ƙoƙarin hakan. Sai dai har yau ina cikin taka keke ko wanke-wanke sai wata tambaya ta faɗo mani, wadda ban yi mashi ba a la'asar ɗin nan. In tsaya cak da kumfa a hannu in ce, ko wannan ce? Makon jiya ma wata ta zo mani, har na juya wajen ƙofar falo zan tambaya.

Wanda ya karanta ya sa Malam Mannir a addu'a, ya sa masu jinya da ke zaune gefen wani gado yanzu haka.